Shuɗi Ya Ƙare, Saura Rawaya

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin teku zuwa ɗakina a kan tudun Valparaiso.
Yau ma na ƙirga su, ba don na manta ba,
sai don bakina ya samu abin yi ban da zagi.

Bangon da na yi mako uku ina zana wa Don Evaristo,
kifaye masu fukafukai suna tashi daga tukunyar miya,
na tarar an shafe shi da farin fenti.
Gidan abincin ya canja hannu.
Sabon mai shi ya ce bai gaji bashi ba,
ya miƙo mini gahawa, wai in yi haƙuri.
Na shanye. Ita ma ai wani abu ce.
Can ƙasa ta hagu, inda burushinsu ya yi ƙyuya,
wutsiyar kifi ɗaya tana leƙowa.
Na ɗaga mata hannu na wuce.

Masu buga littattafan yara a Santiago sun rubuto:
zanenki ya burge mu ƙwarai, amma.
Na san wannan amma.
Kyanwar maƙwabta ce,
ta taga take shigowa ba sallama
ta kwanta a kan takarduna.

Uwar gidan haya, Doña Nélida, ba ta buga ƙofa.
Tari take yi a tsakar gida, sau biyu,
ranar biyar ga wata.
Yau sha ɗaya. Tarin ya koma uku.

Yayana Baltasar na kwastan ne a tashar jiragen ruwa,
albashi na zuwar masa kamar fitowar rana.
Ya ce, Ximena, har yaushe?
Na ce, har shuɗi ya ƙare.
Na dawo ɗaki na matse robar shuɗin,
ashe ya ƙare.
Na zauna a ƙasa ina ta dariya ni kaɗai
har karen bene ya taya ni.

Ba zan ce ba na tsoro ba.
Akwai daren da nake baje tsabar kuɗi a kan gado
in jera su, in sāke jerawa,
ko za su haihu.
Akwai safiyar da hannuna ke kallona
kamar baƙon da ya ɓata gida.

To, saura rawaya.
Ita kam gwangwani guda ce cif,
ragowar wani aikin da shi ma ba a biya ba.
Na leƙa taga wajen faɗuwar rana.
Yaushe teku ya sa hannu a takarda
cewa lallai shi shuɗi ne?
Ga shi can kamar an fasa ƙwai dubu,
jiragen dakon kaya suna iyo cikin gwaiduwa.

Eduvigis mai kifi ta daɗe tana son allon shago.
Na zana mata teku rawaya, kwalekwale baƙi.
Ta juya shi, ta matse ido, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Jikanta ne ya ce, haka yake in Kaka ta tashi kasuwa.
Ta biya rabi da kuɗi, rabi da kifi biyu
naɗe a jaridar jiya.

Ɗaya na soya.
Ɗaya na kai wa Doña Nélida,
tarin ya lafa, zuwa Litinin dai.

Gobe zan sauka matakalan nan da fensir a kunne.
Zan bi ta wajen farin bangon.
Farin fenti mai arha ne, na san irinsa,
ruwan sama biyu ya ishe shi.
Kifayena suna nan a ƙarƙashi, fukafukai a buɗe,
ba su san an sallame su ba.